Jarunta a Bakin Rijiya: Izina Daga Labaran Al'ajabi

Labarin da muka gada daga kakanni ya nuna cewa mutanen Daura sun shekara da shekaru ba su ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, saboda wani maciji da ake kira Sarki ya yi kaka-gida a cikinta, har abin ya zama musu jiki, yaro ya tashi ya tarar da shi haka, tsoho ya mutu ya bar shi haka, babu mai tambayar dalili balle a sami mai tunanin kawar da shi. Sai ran da wani baƙo mai suna Bayajida ya sauka gidan wata tsohuwa da dare, ya nemi ruwa aka ce masa babu, aka kuma gaya masa abin da ya hana, shi kuwa ya ɗauki guga da wuƙarsa ya nufi rijiyar shi kaɗai cikin duhu. Kowa ya san yadda labarin Bayajida ya ƙare. Amma akwai wurin da masu ba da shi sukan wuce da sauri, shi ne halin da zuciyar baƙon nan take ciki a daidai sa'ad da ya zura guga ya ji nauyin abin da ba ruwa ba. Shin gabansa ya faɗi? In kuwa ya faɗi, me ya riƙe hannunsa bai saki igiya ba? Wannan tambaya ita ce tushen maganata a kan jarunta, kuma ban ga inda aka tsananta bincikenta a zamanin nan ba kamar cikin wasu ƙagaggun littattafai na marubutan Ingila da Amurka.

Littattafan da nake nufi su ne waɗanda mawallafansu suka sakar wa tunani linzami, suka ƙaga ƙasashen da babu su a taswirar kowa, ko suka hango zamanin da bai zo ba tukuna, ko suka tura mutanensu ƙarƙashin teku da cikin ƙasa da tsakankanin taurari. Kuma duk wanda ya karanta su da lura zai tarar galibinsu a kan ɗayan abu biyu suke kewayawa, imma dai wani tsohon sharri wanda ya girmi tarihin mutane, aka yi zaton ya mutu alhali barci yake yi, ko kuwa wata iyaka wadda ƙafa ba ta taɓa ƙetare ta ba, babu jagora a bayanta, babu wanda ya komo daga can balle a tambaye shi hanya. Irin wannan hikaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin mun san tafiye-tafiye bakwai na Sindibad a cikin Dare Dubu da Ɗaya, mun bi Alhaji Imam har ƙasar aljannu neman Ruwan Bagaja a littafin Abubakar Imam na 1934, kuma a 1969 Umaru Dembo ya ɗauki wani yaro ya kai shi sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Sai dai marubutan da zan ambata sun yi abin da tatsuniya ba ta cika yi ba, wato sun tsaga ƙirjin jarumin sun nuna mana abin da yake gudana a ciki.

Na sani cikin dattawanmu akwai wanda zai ce, ina amfanin ɓata tawada da takarda a kan ƙarya, ƙaryar ma wadda ta cika da dodanni da masu sihiri? Wannan magana tana da fuska, ba kuwa zan raina ta ba, gama sihiri haramun ne, babu littafin da zai halatta shi, gaibu kuma Allah kaɗai Ya san shi, ba a ɗaukar aƙida daga bakin mai ƙaga labari. Amma tun da can masu hikima suka san cewa buga misali hanya ce ta karantarwa, shi ya sa aka sanya magana a bakin zaki da dila a cikin Kalila wa Dimna, shi ya sa kuma kakanninmu mata suka rene mu da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, alhali babu ɗayansu da ta taɓa zaton gizo-gizo yana da mata ko yana zuwa fada; abin da suke nufi shi ne yaro ya ɗanɗani tsoro yana jingine da cinyar kakarsa, domin ran da ya gamu da shi a daji shi kaɗai, ya zamana sun taɓa haɗuwa. Da wannan niyya nake karanta littattafan nan, da ita kuma nake so a karanta su.

Kafin mu shiga cikinsu ya kamata mu ɗauko ma'auni, domin wanda ya je kasuwar hatsi ba mudu, abin da aka auna masa shi zai karɓa. Imam Gazali, Allah Ya ji ƙansa, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddini cewa kyawawan ɗabi'u suna da uwaye huɗu, hikima da shaja'a da kamewa da adalci, kuma ita shaja'a, wadda muke kira jarunta, ita ce ƙarfin fushin nan da Allah Ya halitta cikin mutum idan ya miƙa wuya ga hankali da shari'a, ya gabata inda gabata ta dace, ya tsaya inda tsayawa ta dace. Idan ƙarfin ya wuce haddi sai ya zama tahawwuri, wato ganganci da kutsa kai cikin halaka ba bisa basira ba. Idan kuwa ya gaza sai ya zama jubunu, wato ragwanci da mutuwar zuciya. Ashe ke nan jarunta siririyar hanya ce tsakanin ramuka biyu, kuma abin al'ajabi shi ne marubutan nan, waɗanda ba daga Gazali suka ɗauko darasinsu ba, sun zana mana ramukan biyu da hanyar da ke tsakaninsu kamar suna yi wa littafinsa sharhi.

Ramin farko, wato ganganci, babu wanda ya siffanta shi kamar wata Ba'ingiliya mai suna Mary Shelley, wadda ta fitar da littafinta Frankenstein a 1818, tana da kimanin shekara ashirin da haihuwa. Labarin wani ɗalibi ne, Bikto Frankenstein, ɗan birnin Janeba, wanda ya tafi wata jami'a a Jamus ya ƙwallafa ransa ga gano sirrin rai, ya dinga yawo tsakanin maƙabartu da mahauta yana tattara gaɓoɓi, ya ƙaurace wa barci, ya daina aika wa mahaifinsa da danginsa wasiƙa, bai yi shawara da malami ko aboki ba, har kusan shekara biyu, sai wani dare ya ga abin da ya harhaɗa ya buɗe ido ya motsa. Wanda ya kalle shi daga nesa zai ce ga jarumi, mutumin da ya kwana cikin gawawwaki bai razana ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar da babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasawa. Amma da abin ya tashi ya dube shi, sai ya ruga ya bar ɗakin, ya bar halittar ba suna, ba mai reno, ba mai koya mata bambancin alheri da sharri, ta fita duniya kowa ya gan ta sai jifa da kora, har baƙin ciki ya mayar da ita azzaluma.

Inda marubuciyar ta fi tona asirin ganganci shi ne abin da ya biyo baya. Halittar ta kashe ƙanen Bikto, aka kama wata yarinya mai aiki a gidansu aka ɗora mata laifin, aka kai ta gaban alƙalai, shi kuwa yana zaune yana kallo, zuciyarsa ta tabbatar masa da wanda ya yi kisan, amma ya kame bakinsa don gudun kada a ce ya haukace, har aka yanke wa yarinyar hukuncin kisa aka zartar. Dubi wannan al'amari da kyau. Mutumin da bai ji tsoron miƙa hannu ga abin da yake na Allah Shi kaɗai ba, ya ji tsoron bakin mutane. Wanda ya iya ƙetare iyakar mutuwa da rayuwa a cikin zatonsa, ya kasa ƙetare zauren shari'a ya ba da shaidar gaskiya. Daga nan muka fahimci cewa ganganci da ragwanci 'yan uwa ɗaya ne, son kai ne ya haife su duka biyu, kuma sau da yawa a zuciya ɗaya suke kwana. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, gama bayan haka Bikto ya rasa amininsa, ya rasa amaryarsa a daren aurensu, ya ƙare rayuwarsa cikin ƙanƙarar ƙarshen arewacin duniya a jirgin wani matuƙi mai suna Walton. Shi wannan matuƙi yana neman isa inda ba a taɓa isa ba, amma da ƙanƙara ta tsare jirgin, ma'aikatansa suka nemi a juya, sai ya haɗiye burinsa ya juya da su gida da ransu, kuma a ganina juyawar nan tasa ta fi dukan abin da Bikto ya yi kusa da jarunta.

Rami na biyu, wato mutuwar zuciya, a wurin wani Ba'amurke mai suna H. P. Lovecraft za a same shi, wanda aka haifa a 1890 ya rasu a 1937, kuma kaɗan ne suka kai shi gwanintar siffanta tsohon sharri. A labarinsa The Call of Cthulhu, wanda ya fito a 1928, ya ƙaga wata halitta mai girman tsauni da take kwance cikin wani birni da ya nutse a ƙarƙashin tekun Fasifik tun kafin zamanin mutane, tana jiran taurari su daidaita ta farka. A wani kuma, At the Mountains of Madness, na 1936, ya tura ayarin masana zuwa ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, inda suka tarar da kufan wani birni wanda ba hannun ɗan Adam ya gina shi ba. Mutanen labaransa masu ilmi ne, masu naci a kan bincike, amma kusan dukkansu makomarsu ɗaya, wanda ya ga haƙiƙanin abin ko ya haukace, ko ya mutu, ko ya rayu yana roƙon kada kowa ya ƙara leƙawa. Dalilin kuwa a fili yake, domin mutumin bai yi imani da Mahalicci ba, ya ɗauki duniya daji ce marar mai ita, ɗan Adam kuwa ƙura ce da babu wanda ya san da ita. Wanda kuwa ya ɗauki haka, a kan me zai dogara in ya tsaya a bakin rijiya? Tsoron nan kuma bai tsaya ga dodanni ba, ya malala cikin ra'ayinsa game da mutane, har wasiƙunsa da wasu labaransa suka cika da ƙyamar baƙar fata da baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka, gama zuciyar da ta mayar da duk abin da ba ta sani ba abokin gaba, ba ta daɗewa sai ta sanya maƙwabci cikin lissafin dodanni.

To, ina hanyar tsakiya? A nan ne ya wajaba mu zauna mu daɗe tare da J. R. R. Tolkien, malamin tsohon harshen Ingilishi a jami'ar Okusfod, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1973, mutumin da bai koyi tsoro daga littafi ba, domin a 1916 yana cikin sojojin Ingila da aka jefa fagen Som a Faransa, fagen da a ranar farko kaɗai aka kashe musu kusan mutum dubu ashirin, kuma kafin shekarar ta fita biyu daga cikin aminansa na makaranta sun kwanta dama. Wannan mutum ne ya wallafa The Lord of the Rings, wato Ubangidan Zobba, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955, kuma samarinmu da yawa sun san shi ta hanyar majigin da aka yi daga 2001 zuwa 2003. A cikinsa akwai wani tsohon azzalumi mai suna Sauron, wanda ya ƙera zobe ɗaya ya zuba mafi yawan ikonsa a ciki domin ya mallake duniya, aka yaƙe shi aka sare zoben daga hannunsa, zoben ya ɓata a kogi, aka shekara wajen dubu uku mutane suka sakankance, sai ga shi ya sake tasowa yana neman abinsa.

Zoben kuwa, cikin ikon ƙaddara, bai faɗa hannun sarki ko barde ba, a hannun wani ɗan gajeren mutum ya ƙare, mai suna Furodo, daga wata al'umma da ake kira hobit, waɗanda tsawonsu bai fi rabin na mutum ba, manoma masu son abinci da zaman gida, waɗanda ba su san takobi ba. Da manya suka taru suka yi shawara, suka tabbatar babu hanyar halaka zoben sai a jefa shi cikin wutar dutsen da aka ƙera shi, dutsen kuwa yana tsakiyar ƙasar azzalumin, sai zaure ya yi tsit, jarumai masu sulke kowa ya sunkuyar da kai. Nan ne ɗan ƙaramin nan, wanda babu abin da ransa yake so kamar ya zauna lafiya, wanda kuma bai san hanyar ba, ya buɗe baki ya ɗauki amanar. Tolkien bai ɓoye mana cewa tsoro ya cika shi ba. Abin da ya nuna shi ne tsoron yana nan, amanar tana nan, mutumin ya ɗora amanar a bisa tsoron ya tashi.

Akwai kuma wata jarunta a littafin wadda ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce ta ƙin karɓa. An miƙa zoben ga dattijo mai hikima, Gandalf, ya ja da baya. An miƙa shi ga sarauniya Galadiriyel, ta auna abin da za ta zama in ta karɓa, ta bar shi. Dukansu biyu sun san cewa da niyyar gyara za su fara, amma zoben ba ya barin mai shi yadda ya same shi, ƙarshenta azzalumi zai tafi, azzalumi ya hau. Sun ji tsoron kansu, tsoron nan kuwa shi ne kan jaruntarsu. Boromir kuwa, barde ɗan mai riƙon sarautar Gondo, wanda babu mai shakkar ƙarfin zuciyarsa a fagen fama, shi ya ce a yaƙi maƙiyi da makaminsa, wasiwasi ya yi ta cin sa har ya kai wa Furodo hannu zai ƙwace; sa'an nan ya farga, ya yi nadama, ya mutu yana kare wasu ƙananan abokan tafiyarsu biyu daga kibau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da sharri ya samu a zuciyar Boromir ita ce ujubu, wato yardar da ya yi cewa shi ya fi ƙarfin fitina.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sa'ad da ayarin mutum tara da suka tashi da zoben ya watse, wanda ya rage tare da Furodo shi ne Sam, mai kula da lambun gidansa, wanda Tolkien da kansa ya ce ya ɗauko siffarsa daga ƙananan sojojin da ya sani a yaƙi, waɗanda ya ga sun fi shi nesa ba kusa ba. Shi Sam bai fahimci siyasar sarakuna ba, abin da ya sani kawai shi ne ya yi alkawari ba zai bar maigidansa ba. Da ruwa ya ƙare ya bar masa nasa kason, da ƙafafun maigidan suka gaza a gindin dutsen ya goya shi a baya ya hau. Duk da haka, a bakin wutar, bayan dukan wahalar nan, Furodo ya kasa, zoben ya rinjaye shi ya ce nasa ne. Abin da ya ceci duniya shi ne wani ƙasƙantaccen mahaluki mai suna Golam, wanda zoben ya lalata shi shekara wajen ɗari biyar, wanda kuma aka sami damar kashe shi ba sau ɗaya ba aka bar shi don tausayi. Shi ya fizgi zoben, ya gatse yatsan da yake ɗauke da shi, murna ta kwashe shi ya faɗa cikin wutar da shi. Tolkien Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma abin da ya nufa a nan Musulmi ba zai rasa gane shi ba: ƙoƙari na bawa ne, cikawa ta Ubangiji ce, kuma rahamar da mutum ya yi wa wanda bai cancanta ba tana iya zama sababin tsirarsa a ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Jarumin da ya san haka ba ya yin alfahari in ya ci nasara, ba ya kuma yanke ƙauna in ya gaza.

Saura mataki ɗaya, wanda wata Ba'amurkiya, Ursula K. Le Guin, ta taka a littafinta A Wizard of Earthsea na 1968. Yaro ne mai kiwon awaki a wani tsibiri, sunansa Ged, mai kaifin basira da zafin zuciya, wanda ya ƙosa da haƙurin malaminsa Ogiyon ya tafi babbar makaranta, a can kuma gasa da wani ɗalibi ta kai shi ga yin abin da ya fi ƙarfin iliminsa don a san ya isa, sai ya ɓalle wata ƙofa, wata baƙar inuwa ta fito ta yage masa fuska, shugaban makarantar ya rasa ransa wajen rufe ƙofar. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Daga nan Ged ya shiga gudu, tsibiri bayan tsibiri, inuwar tana biye da shi, kuma cikin gudun nan aka jarrabe shi sau biyu: wani tsohon dodo mai fukafukai ya yi masa tayin gaya masa sunan inuwar domin ya sami galaba a kanta, ya ƙi, ya zaɓi ya ɗaure dodon da rantsuwar barin masuntan da aka ba shi amanar tsaronsu, aka kuma nuna masa wani tsohon dutse mai mugun iko aka ce zai ba shi mafita, nan ma ya ƙi.

Da ya koma wurin malaminsa na fari a raunane, dattijon ya ba shi shawarar ya daina gudu, ya juya ya farauci abin da yake farautarsa. Ya shiga ɗan jirginsa tare da amininsa guda, suka nufi gabas har suka wuce tsibiri na ƙarshe da matuƙa suka sani, a can ya yi gaba da gaba da inuwar, ya kira ta da suna, sunan kuwa nasa ne na kansa. Wannan shi ne abin da malaman tarbiyya suka daɗe suna kira mujahadar nafsu, shi ne kuma abin da hadisi ya karantar game da ƙarfi na haƙiƙa, cewa yana ga mai mallakar kansa lokacin fushi, ya fi na mai kayar da mutane a kokawa. Da ɗan gari akan ci gari. Iblis, wanda shi ne tsohon sharri na gaskiya, wanda ya girmi dukan dodannin littattafai, ba shi da iko a kan bawa sai kira da ƙawata ɓarna, kuma ba ya shiga birnin zuciya sai kibri ko hassada ko kwaɗayi sun buɗe masa ƙofa daga ciki. Saboda haka wanda ya iya cewa laifin nan nawa ne, ba tare da ya rataya shi a wuyan maƙiyi ko zamani ba, ya yi yaƙin da barade da yawa suka guje masa.

Kada kuwa wani ya fahimci cewa ina kiran mutane su ji tsoron iyakar da ba a sani ba, gama rashin sani ya fi dare duhu, kuma matsoraci ba ya zama gwani. A 1865 Bafaranshen nan Jules Verne ya ƙaga labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga Fulorida, mutane suka karanta shi a matsayin almara. Bayan shekara 104, a 1969, mutum uku suka tashi daga Fulorida ɗin, biyu daga cikinsu suka taka wata. Amma tsakanin almarar da aikin akwai dubban masana da suka yi lissafi, suka gwada, suka yi shawara, suka gyara kuskure, wato suka ɗaure raƙumi sa'an nan suka tashi. Bambancin mai bincike na gari da Bikto Frankenstein yana cikin abu uku: niyyar da ta fitar da shi, shawarar da ya nema, da kuma shirinsa na ɗaukar nauyin abin da ya tono.

Yanzu sai mu koma bakin Kusugu, domin kowane gari yana da rijiyarsa da macijinta. Akwai zaluncin da aka saba da shi har aka daina ganinsa, akwai rashawar da yaro ya tashi ya tarar ana kiranta al'ada, akwai haƙƙin maraya da dangi suka cinye kowa ya yi shiru don gudun ɓacin zumunci, akwai gaskiyar da mutum ya sani a zauren shari'a amma harshensa ya yi nauyi. Waɗannan macizai ba su da fukafukai, ba su hura wuta, amma su ne suke hana jama'a ruwa kwana shida cikin bakwai. Wanda zai tunkare su lalle gabansa zai faɗi, kamar yadda na Furodo ya faɗi a zauren shawara, kuma faɗuwar gaban ba aibi ba ce matuƙar hannu bai saki igiya ba. Abin da yake riƙe hannun kuwa, gwargwadon abin da littattafan nan suka nuna kuma malamanmu suka riga su faɗa, shi ne amanar da mutum ya fifita a kan lafiyar kansa, da tsarkin hanyar da ya ƙi musanya ta da makamin azzalumi, da tawakkalin da ya sanar da shi cewa rijiyar da macijin duka suna da Ubangiji.

Don haka ina kira ga samarinmu da 'yan matanmu masu karanta irin waɗannan littattafai da kallon majiginsu, kada idonku ya tsaya ga walƙiyar takubba da girman dodanni, ku dubi mai lambun da ya goya maigidansa, ku dubi dattijon da aka miƙa masa mulki ya ƙi, ku dubi saurayin da ya kira inuwarsa da sunan kansa, sa'an nan kowa ya tambayi zuciyarsa wace amana ce aka ɗora masa a gidansu ko makarantarsu ko wurin aikinsa wadda tsoro ya sa ya ajiye. Ina kuma kira ga marubutanmu na Hausa, waɗanda suka gaji Abubakar Imam da Umaru Dembo, su ƙaga mana jarumai masu jin tsoro suna cika alkawari, domin yaran da suka girma da irinsu su ne za su iya tsayawa gobe a inda ake gudu. Allah Ya tsare mu daga ganganci da ragwanci, Ya ba mu zuciyar da za ta tsaya a kan gaskiya ko da tana rawa, amin.